Darasi na 17: Rataya Fitilun Biki a Ƙofar Gida da Kiyaye Su

Duk wanda ya ratsa garuruwan Arewa da dare a cikin watan azumi, ko daren Mauludi, ko ranar da wani magidanci yake walimar aure ko tarbar alhaji, tun daga Dogon Dutsi da Matankari da Dankasari har ya gangara Kore Mai Ruwa da Tibiri da Dumega, lalle zai ga abin da kakanninmu ba su gani ba, wato jerin ƙwayayen lantarki rataye a bakin zaure, ko a jikin rumfa, ko tsakanin bishiyar bedi da katanga, mutane zaune ƙarƙashinsu ana tafsiri ko ana cin tuwo. Haka kuma maƙwabtanmu Kiristoci na Dogon Dutsi suke yi wa gidajensu ado idan Kirsimeti ta zo. Al'amarin ya zama ruwan dare, amma sanin ƙa'idarsa bai yaɗu kamar yadda fitilun suka yaɗu ba, domin galibi yaro ake turawa ya hau tsani ana gobe biki, ya ƙulla abin da ya ƙullu, in an danna ta kama a ce madalla. Wannan darasi zai yi bayanin yadda ake lissafi kafin a saya, da yadda ake ratayawa, da yadda ake kiyayewa har a sauke.

Haskaka wurin taro a dare mai daraja daɗaɗɗen abu ne. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Tamimud-Dari, Allah Ya yarda da shi, shi ne ya fara rataya fitilun mai a masallacin Madina, ya zo da su daga ƙasar Sham. Mutanen Alƙahira har yau suna rataya fanus a lungunansu in azumi ya kama, mutanen Istambul kuma tun ƙarni na 17 suke miƙa igiyoyi tsakanin hasumiyoyin masallaci, su jera fitilu har su rubuta kalmomi a sararin sama. Na lantarki kuwa, a birnin New York na Amurka ne a shekarar 1882 wani abokin aikin Thomas Edison, mai suna Edward Johnson, ya fara ɗaura ƙananan ƙwayaye 80 a bishiyar Kirsimeti ta gidansa. Mu a nan mun taso da acibalbal da fitilar ƙwai, sa'an nan tocila, kuma da yawa daga cikinmu sun ga adon lantarki mai yawa ne a shekarar 2014, sa'ad da aka yi bikin ranar Jamhuriyar Nijar, 18 ga Disamba, a Dosso, wanda aka yi wa laƙabi da Dosso Sogha.

Kafin mu taɓa waya, wajibi ne mu san matsayin mai gida a cikin wannan aiki. Fitilar da ke cikin ɗaki ta mai ɗakin ce, shi ya san inda take, shi zai kiyaye ta. Amma wadda aka fitar ƙofar gida ta shiga hanyar jama'a, inda almajiri yake bi da dare ba takalmi, da makaho, da mai talla ɗauke da faranti a ka, da akuyar maƙwabci, alhali babu ko ɗaya daga cikinsu da aka yi shawara da shi. Imamu Malik ya bayyana a cikin Muwaɗɗa cewa wanda ya aikata a hanyar Musulmi abin da bai halatta gare shi ba, kamar haƙa rijiya, har wani ya cutu, to lamuni yana kansa. Ban ga abin da ya raba rijiyar da aka haƙa a hanya da wayar da aka bari tsirara a hanya ba, sai dai ita rijiya ana ganin bakinta. Saboda haka maganar nan da ake yawan yi, "ai kwana uku ne kawai", ba hujja ba ce, domin wuta ba ta bukatar kwana uku kafin ta ja mutum.

Wutar da kamfanin NIGELEC yake kawowa gidaje, wadda muke kira kuran, ƙarfinta bolt 220 ne. An kafa kamfanin a 1968, kuma kaso mai yawa na wutar yammacin ƙasarmu yana zuwa ne daga Najeriya ta babban layin da aka ja daga Birnin Kebbi zuwa Yamai a 1976. Kowa ya tuna yadda aka katse wannan layi a watan Agusta na 2023, ba a maido shi ba sai a farkon 2024, kuma tun daga lokacin mutane da yawa, har na cikin gari, suka koma ga farantin hasken rana, wato pano, ko injin wuta. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana da hukuncinsa, amma na kuran ya fi bukatar dogon bayani, domin shi ne ya fi kisa. Ku lura da wannan: ƙaramin ƙwai mai wat 9 yana jan kusan kashi 40 cikin 1000 na ampiya, alhali kashi 30 cikin 1000, in ya ratsa ƙirjin mutum ya ɗan jima, yana iya tsai da numfashinsa ya rikita bugun zuciyarsa. Ashe abin da ke kunna ƙwai guda ya isa ya halaka ƙato.

Sai lissafi, wanda shi ne amfanin karatun da kuke yi. A jikin kowane ƙwai an rubuta adadin wat da yake ci. Alal misali mai gida yana son ya jera ƙwai 20 daga zaure zuwa rumfa, ya kunna su sa'a 6 kowane dare har mako guda. In ya sayi irin na dā masu zare a ciki, masu wat 40, jimla wat 800 ke nan. A dare ɗaya za su ci kilowat-sa'a 4.8, a mako 33.6. In kuwa ya sayi na zamani da ake kira LED, masu wat 5, waɗanda haskensu bai gaza na wancan ba, jimla wat 100 ce, a mako kilowat-sa'a 4.2, wato kashi ɗaya bisa takwas. Mai mitar kati zai ga bambancin da idonsa tun kafin biki ya watse. Akwai kuma fa'ida ta biyu da ta fi ta kuɗi, ita ce ƙwai na dā yana zafi har ya ƙona hannu, in ya jingina da zana ko ciyawa yana iya tayar da gobara, na zamani kuwa ɗumi kawai yake yi. Sa'an nan a duba lambar ampiya da ke jikin makashin wuta na gidan, a ninka ta da 220, abin da ya fito shi ne iyakar abin da gidan zai ɗauka: in an rubuta 10, wat 2200 ke nan, a cikinsu ne firiji da fanka da dutsen guga da na'urar mai wa'azi za su sami rabonsu. Makashin da ya yi ta faɗuwa ranar biki gargaɗi yake yi, kuma wanda ya tokare shi da tsinke don kada ya sake faɗuwa ya rufe bakin mai yi masa nasiha ne.

A wajen saye, abu biyu za a duba. Na farko kaurin waya: wadda ta dace da fitilu ita ce mai lamba 1.5, ta tagulla, mai riga biyu, wato kowane sili da rigarsa, sa'an nan babbar riga ta haɗe su. Siririyar wayar nan mai launin ja da baƙi da ake saidawa da araha ta rediyo ce da batir. Wanda ya ɗora mata kuran da kaya mai yawa kamar wanda ya ɗora wa ɗan jaki kayan raƙumi ne, zai ɗan taka kafin ya durƙushe, ita kuwa durƙusonta narkewa ne da wuta. Na biyu alamar da ke jikin kwali. In kun ga hoton ɗan ƙaramin gida, ko an rubuta IP20, to na cikin ɗaki ne, kada a fitar da shi. Na waje shi ne mai IP44, wanda ke jure feshin ruwa, mafi kyau kuma IP65, wanda ƙura ma ba ta shigarsa; lambar farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa, kuma a ƙasar da hunturu yake cika wa mutum kunne da rairayi, lambar farko ba abin rainawa ba ce. Jerin ƙananan fitilu masu walƙiya kala-kala, in kun sami mai ɗan akwati a gindinsa da ke rage wutar zuwa bolt 24 ko kusa da haka, shi ya fi aminci inda yara suke. Daga ƙarshe, wanda yake da hali ya kira mai aikin wuta ya sa masa makashin tsaro mai lamba 30 mA a kan layin da zai fita waje, domin makashi na yau da kullum waya yake karewa daga zafi, wannan kuwa mutum yake karewa, yana yanke wuta da zarar ta fara zurarewa ta jikin wani. Yana da ɗan maɓalli na gwaji, a danna shi kafin kowane biki a ga ya faɗi.

Ranar ratayawa, a yi aikin da rana, da busasshen hannu, da takalmin roba, kuma kada a sa filogi a soket sai an gama komai an sauko daga tsani. A fara ɗaga kai a ga inda layin NIGELEC ya bi, domin doguwar sandar ƙarfe ko tsanin ƙarfe bai kamata ya kusance shi da ƙasa da mita 3 ba, turken kamfani kuma ba wurin ɗaurin kowa ba ne. Wanda ya ja wuta ta bayan mita, ban da cewa ya ci haram kuma doka za ta hau shi, ya fitar da gidansa daga kariyar kowane makashi.

Ba a rataya ƙwai da wayar wuta ita kanta, domin tagulla tana miƙewa in ta ɗauki nauyi. Igiya mai ƙarfi za a fara miƙawa tsakanin turaku biyu na ice, waɗanda aka kafa da zurfi aka duba gindinsu saboda gara, sa'an nan a bi igiyar da waya ana ɗaurewa da tsumma ko zare kowane kamu biyu, a bar mata ɗan sassauci. Tsayinta ya wuce inda hannun dogon mutum zai kai, inda kuwa amalanke take wucewa da lodin kara, sai a ƙara sosai; tsallaka titi kuma sai da iznin ofishin magajin gari. Kada a buga ƙusa ta tsakiyar waya, kada a lanƙwasa ƙusa a kanta, kada a bi da ita ta gefen kwanon rufi, domin iska za ta yi ta goga ta a kan kaifin kwanon dare da rana har rigar ta yanke, ran nan rufin duka da ƙofar ƙarfe da ke jikinsa su ɗauki wuta, ba wanda zai sani sai yaro ya dafa. A nisanta ta da darni da zana da rumbu, da rumfar da aka jibga wa harawa. Bakin kowane ƙwai ya dubi ƙasa, don kada mazauninsa ya zama ɗan kofin tara ruwa. Inda wayar za ta shiga ɗaki ta taga ko ta huda, a bar ta ta ɗan lotsa ƙasa kafin ta hau ta shiga, don ruwan da ya biyo ta ya ɗige a waje.

Yanzu mun zo inda mafi yawan musibu suke fitowa, wato mahaɗi. Ku je kowace rumfar biki ku duba da kyau, za ku ga inda waya ta gaza aka ƙara wata: an feƙe bakinta da reza ko da haƙori, an murɗa silin da yatsa sau uku, an yago baƙar leda ta kasuwa an naɗe, an ƙulle. Ranar farko lafiya lau. Amma murɗin yatsa ba ya kama tagulla da kyau, inda bai kama ba kuwa nan wuta take samun ƙunci, ƙunci ya haifi zafi, zafi ya sassauta murɗin ya ƙara ƙuncin, leda ta yi laushi ta manne, ta huje. Raɓa ta shiga, tagullar ta yi kore, sai wata rana da tsakar dare a ji ƙauri, a ga tartsatsi yana zuba a kan zana. Gyaran wannan ba shi da tsada. Mafi kyau a auna tazarar tun farko a sayi waya guda wadda ba ta bukatar ƙari. In ƙarin ya zama lalura, a sayi ɗan mahaɗin nan mai sukurori da masu kayan wuta suke saidawa, a ɗaure kowane sili da sukurunsa, a sa shi cikin akwatin roba mai murfi, bakin wayoyin na fitowa ta ƙasa, a ɗaga shi sama inda ruwan indararo ba ya zuba. In ma tef ɗin masu aikin wuta kaɗai aka samu, to a gocar da mahaɗan biyu, kada su yi daura da juna, a naɗe kowanne shi kaɗai sa'an nan a haɗe su, kuma a san cewa zafin rana yana sakin tef, ba ya wuce ƴan kwanaki. Doguwar waya mai soket da yawa kuma, in za a yi aiki da ita, a warware ta duka, domin a naɗe zafi take tarawa, kuma kada a bar kanta a ƙasa inda ake alwala ko wanke-wanke. Bayan an kunna da rabin sa'a, mai gida da kansa ya je ya taɓa bayan filogi: in ya ji zafi, ko ya ji ƙaurin roba, ya kashe ya rage kaya.

Da yake shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kwana 11 ko kusa da haka, sallolinmu suna zagaya dukan lokutan shekara, kuma dabarar da ta yi amfani a wata Salla ba lalle ta yi a wadda za ta zo bayan shekara goma ba. Da bazara rana ce abokiyar gaba, tana busar da rigar waya har ta tsattsage. Da damina, tsakanin Yuni da Satumba, hadari yakan taso daga gabas da iska mai ƙura a gabansa, wadda ke tuge turken da ba a kafa da kyau ba. Da an ga gabas ta yi baƙi a zare filogi, kada a tsaya kashe maɓalli kawai, kuma kada a mayar sai an duba mahaɗai sun bushe. A lokacin ne kuma farin haske yake tara ƙwari, ƙwari su jawo kwaɗi da kunama, shi ya sa ya fi kyau a rataya ƙwai a gefe, ba bisa tabarmar da ake cin abinci ba, a zaɓi mai haske ja-ja, wanda ƙwari ba su cika so ba. Da hunturu kuwa komai ya bushe, tartsatsi ɗaya ya isa, ga iska mai kai shi gidan maƙwabci. Sallar Layya tana da nata haɗarin ko a wane lokaci ta faɗo, domin a ƙofar gida muke kafa raguna a jikin sanduna kewaye da babbar wuta yini guda, kuma wayar da ta ratsa ta saman wannan wuta, ko harshen bai taɓa ta ba, hucin ya isa ya narka rigarta. An ruwaito a hadisi umurnin kashe fitila kafin barci, saboda ɓera yana iya jan lagwani ya ƙone gida da mutanensa. Hikimar ba ta tsufa ba, in taro ya watse a zare filogi a kwanta.

Mai pano da batir na bolt 12 ya huta da tsoron jan wuta, amma bai huta da tsoron gobara ba, domin batir in silinsa biyu suka haɗu yana mai da waya jawur nan take. Saboda haka a sa fis, wato ɗan abin da ke yanke wuta in ta yi yawa, kusa da kan batir. A fuskantar da farantin kudu, a ɗan kishingiɗa shi kamar daraja 15, a riƙa share shi da tsumma mai laushi da sassafe, musamman da hunturu. Batir mai darma ba ya son a zuƙe fiye da rabinsa: mai lamba 20 Ah yana riƙe da wat 240 na sa'a guda, rabonka a ciki 120, wanda zai riƙe ƙwai 5 masu wat 3 har sa'a 8. In ya mutu kada a bar wa yara su fasa, darmar da ruwan cikinsa guba ne. Injin wuta kuwa a waje ake ajiye shi, nesa da taga, ba cikin zaure ko shago ba, domin hayaƙinsa yana da iska marar wari mai kashe mai barci. Ba a zuba masa mai yana aiki ko yana da zafi, ba a kuma haɗa shi da wayoyin gida sai ta makashin da ke raba shi da layin kamfani, don kada wutarsa ta koma kan ma'aikacin da ke bisa turke yana zaton layi a kashe yake.

In ƙaddara ta faɗa wuta ta kama wani, kada a rungume shi don a ɓamɓare shi, mai yin haka na biyu zai zama. A ruga a kashe makashi ko a zare filogi. In ya yi nisa, a tsaya kan busasshen wuri a ture wayar da busasshiyar sanda. In ba ya numfashi a kwantar da shi rigingine a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, har taimako ya zo. In ma ya tashi ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, domin zuciya tana iya rikicewa daga baya, ƙunar wuta kuma ta ciki ta fi ta waje. Gobarar waya ba a zuba mata ruwa sai an yanke wuta. Rairayi ake watsa mata, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18 inda suke da kusa.

Biki in ya wuce a sauke, kada a ce a bar su har Salla mai zuwa, domin wata biyu na rana da ƙura sun isa su tsufar da wayar da za ta yi shekaru a ajiye. A zare filogi, a kwance daga ƙarshe zuwa farko ba tare da fizga ba, a goge ƙura, a bi wayar da yatsa kamu-kamu ana neman tsaga ko inda ta yi tauri, abin da ya lalace a yanke shi a yar tun yanzu. A naɗe ta a jikin kwali ko guntun ice, a ware ƙwayayen a cikin tsumma, a sa duka a akwatin ƙarfe ko garwa mai murfi, saboda ɓera yana son gaigayar roba. Batir kuma a ajiye shi cike, a inuwa, a riƙa cika shi kowane wata.

Aikin da za ku zo da shi darasi na gaba: kowa ya auna tazarar da ke tsakanin soket ɗin da ya fi kusa da ƙofar gidansa da wurin da mutane suke zama, ya rubuta ta da mita, ya karanta lambar wat a jikin ƙwai ɗaya na gidansa, ya lissafa abin da 12 irinsa za su ci a dare 3, sa'a 5 kowane dare. Wanda gidansa ba kuran ya kwafo lambobin da ke jikin batir ko pano, nasa ko na maƙwabci, mu lissafa tare a allo.